Na'urorin Tuna Mutane Da Jarin Sanayya A Kasuwa: Nazari Daga Kagarawal

GOMBE — Mai tireda a unguwar Kagarawal da ke birnin Gombe yana juya jari iri biyu. Akwai wanda ido yake gani a jere bisa kanta, wato sukari da sabulu da man gyaɗa da ashana, akwai kuma wanda babu bankin da zai karɓe shi jingina, shi ne sanin mutane. Ya san yaron da ake aikowa daga gidan da ke biya duk ƙarshen wata. Ya san magidancin da ya ci bashin azumin bara ya sauya hanya. Ya san baƙuwar fuskar da ta fara zuwa makon jiya, ya kuma san wanda ya kawo ta. Ranar da wannan sani ya kuɓuce masa, kayan da ke bisa kanta su ma ba za su daɗe ba, domin kuwa ko dai ya ba wanda bai cancanta ba, ko kuma ya hana wanda ya shekara biyar yana ciniki a wurinsa.

Wannan aiki na riƙe fuska da suna, wanda tun fil azal ƙwaƙwalwar ɗan Adam ce take yin sa, shi ne wasu kamfanonin duniya suke neman ɗora wa na'ura. Suna ƙera tabarau mai kyamara, da ƙaramin maɓalli da ake maƙalawa a gaban riga, da abin wuya da abin hannu masu naɗar magana, da nufin idan mutum ya gamu da wani, na'urar ta tuna masa ko wane ne, a ina suka taɓa haɗuwa, da kuma abin da suka tattauna. Tun da yake kayan fasaha ba sa daɗewa kafin su sauka a kasuwannin Legas da Kano, daga nan kuma su biyo hanya zuwa Gombe, ya dace 'yan kasuwa su fahimci yadda abin yake aiki, da kuɗinsa, da abin da doka ta tanada, tun kafin mai talla ya iso bakin shago.

Gari Ya Bunƙasa, Ƙwaƙwalwa Na Nan Yadda Take

Tun daga ranar 1 ga Oktoba, 1996, lokacin da aka cire Jihar Gombe daga tsohuwar Jihar Bauchi, birnin Gombe bai daina faɗaɗa ba. Ma'aikatan gwamnati sun zo, 'yan kasuwa suka biyo su, aka kafa Jami'ar Jihar Gombe a 2004 ɗalibai suka ƙaru, sa'an nan rikicin Boko Haram ya koro dubban iyalai daga Borno da Yobe da arewacin Adamawa, da yawansu kuma suka zauna ke nan. Kagarawal, maƙwabciyar Malam Inna, tana daga cikin unguwannin da suka ɗauki wannan nauyi. Masu bin labarin ayyukan raya gari sun san sunanta ta dalilin kwarin zaizayar ƙasa da ya taso daga wajen jami'ar ya ratsa Malam Inna ya iso ta, wanda aka yi aikinsa a ƙarƙashin shirin NEWMAP mai samun tallafin Bankin Duniya.

A ƙauye, mai shago ya san kowa har da kakansa. A unguwar da 'yan haya ke shiga suna fita, tambayar nan ta "ɗan gidan wa ne?" ba kullum take samun amsa ba. Ga shi kuma ciniki bai rabu da bashi ba, musamman tun ƙarancin takardar kuɗi na farkon 2023 da tsadar da ta biyo bayan janye tallafin man fetur a watan Mayu na shekarar. Bashi hanji ne, in ji masu iya magana, yana cikin kowa. Mai sayarwa ne dai ya rage ya tantance hanjin da zai iya ɗauka.

Masana sun auna iyakar abin da kai zai iya riƙewa. A 2018 wasu masu bincike na Jami'ar York da ke Ingila, ƙarƙashin jagorancin Rob Jenkins, sun ƙiyasta cewa matsakaicin mutum ya san fuska kimanin 5,000, wasu 1,000 kawai, wasu kuma har 10,000. Amma sanin fuska daban, riƙe hulɗa daban. Robin Dunbar, shi ma ɗan Ingila, ya kawo hujja a farkon shekarun 1990 cewa mutanen da mutum zai iya riƙe dangantaka mai ɗorewa da su ba su wuce kimanin 150 ba, ko da yake wasu masana na jayayya da adadin. Tsakanin 150 da 5,000 ɗin nan ne kunyar kasuwa take, inda mutum zai miƙo hannu da fara'a, ya kira ka da sunanka, kai kuwa kana ta "yaya gida, yaya aiki" kana laluben nasa.

Suna ya fi komai saurin gudu, kuma an gano dalili. A wani gwaji da aka buga a Ingila a 1987, an nuna wa mutane hotunan fuskoki tare da suna da sana'ar kowa, aka yi amfani da kalmomin da a Turanci suke zama suna kuma suke zama sana'a, irin su Baker, mai nufin mai gasa burodi. Sai aka ga kalma ɗaya tak, idan an ba da ita a matsayin sana'a an fi tuna ta, idan kuwa an ba da ita a matsayin suna sai ta ɓace. Sana'a tana jawo hoton tanda da gari da ƙamshi, suna kuwa ba ya rataye a jikin komai. Bahaushe ya daɗe da gano wannan ba tare da ɗakin gwaji ba, shi ya sa ake da Audu Tela da Sale Mai Shayi da Musa Direba.

Tsohuwar Sana'a Ce

Biyan wani domin ya tuna maka mutane ba sabon abu ba ne. A tsohuwar daular Rum, mai neman muƙami yakan yi yawo da wani bawa na musamman wanda aikinsa shi ne ya raɗa masa sunan duk wanda suka tunkara, domin ya gaishe shi kamar tsohon aboki. A Amurka, James Farley, wanda ya jagoranci yaƙin neman zaɓen Shugaba Franklin Roosevelt a 1932 da 1936, ya shahara da ajiye bayanin duk wanda aka gana da shi, da sunan matarsa da na 'ya'yansa, ta yadda za a duba kafin a sake haɗuwa. A ƙasar Hausa, sanƙira da maroƙi su ne ma'ajiyar sunaye da asali a wurin biki da suna, kuma ana biyan su a kan haka.

Misalin da ya fi kusa da harkar kasuwa shi ne na Sabon Ibadan. Masanin nan Abner Cohen, wanda ya zauna cikin Hausawan Sabo a farkon shekarun 1960 ya kuma fitar da littafinsa a 1969, ya bayyana yadda fataucin shanu daga Arewa ya dogara kan mai gida. Falke zai kawo shanu ya sauka a gidansa, a sayar wa mahautan gari bisa bashi, mai gida ya tsaya a matsayin lamuni. Abin da ya sa zai iya tsayawa shi ne ya san mahautan ɗaya bayan ɗaya, ta hannun dillalansa da yaransa: wanda ke biya a kan lokaci, wanda ya fara tangal-tangal, wanda ake bi a wani gidan. Dukiya mai yawa tana yawo a kan wannan sani, akasari babu takarda. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kasuwar hatsi ta Tudun Hatsi a Gombe ya ga yadda dillali ke karɓar la'ada, ya san tsarin bai mutu ba. La'adar dillali, idan aka duba da kyau, rabinta kuɗin tuna mutane ne.

Daga Ɗakin Gwaji Zuwa Kasuwa

Tunanin na'urar ya girmi yawancin masu sayar da ita. A 1945 Vannevar Bush, babban mai ba gwamnatin Amurka shawara kan kimiyya a lokacin yaƙin duniya na biyu, ya yi hasashen ƙaramar kyamara da mutum zai ɗaura a goshi tana ɗaukar abin da ya gani. A farkon shekarun 1990 ɗakin binciken kamfanin Olivetti da ke Kambirij a Ingila ya ƙera wani bajo da ma'aikata ke ratayawa, wanda ke aika sigina duk bayan daƙiƙa 15 domin a san ɗakin da kowa yake, a tura masa waya can. A 1994 Mik Lamming da Mike Flynn na ɗakin binciken Xerox a garin suka ɗora a kan wannan, suka fito da wata 'yar na'ura mai suna Forget-me-not, wadda ke rubuta wanda mai ita ya gamu da shi, da wurin, da lokacin. A Amurka kuma, Thad Starner na cibiyar MIT ya fara yawo da kwamfuta a jikinsa tun 1993, yana rubuta abin da aka tattauna da hannu ɗaya, allon kuma yana gaban idonsa.

Inda abin ya fara nuna amfani na zahiri shi ne asibiti. Kamfanin Microsoft ya ƙera SenseCam a farkon shekarun 2000, kyamarar da ake ratayawa a wuya tana ɗaukar hoto da kanta kusan duk rabin minti. Da aka gwada ta tare da likitocin asibitin Addenbrooke's na Kambirij a kan wata mata da ciwon ƙwaƙwalwa ya lalata wa tuni, sai aka ga duba hotunan ya fi taimaka mata wajen tuna abin da ya faru fiye da karanta abin da aka rubuta mata. Haka nan kamfanin OrCam na Isra'ila, wanda aka kafa a 2010, ya fitar da MyEye, 'yar kyamara da ake maƙalawa a ƙafar tabarau domin makafi, tana karanta rubutu, tana kuma faɗin sunan wanda ke tsaye a gaba idan an riga an koya mata fuskarsa. Daga baya kamfanin ya gwada wata mai suna MyMe domin masu gani, wadda aka yi musamman saboda tuna waɗanda aka gamu da su.

Kasuwar jama'a ta fi wuya. Google Glass ya fito a 2013 a kan dala 1,500, kuma a shekarar kamfanin ya sanar cewa ba zai amince da manhajar gane fuska a kansa ba. Mutane ba su saki jiki da mai sanye da shi ba, wasu gidajen abinci da silima suka hana shiga da shi, aka daina sayar wa jama'a a watan Janairun 2015, nau'in masana'antu ma aka tsayar da shi a watan Maris na 2023. Sai a Oktoban 2023 ne tabarau ɗin Ray-Ban Meta ya samu karɓuwa, domin ya yi kama da tabarau na yau da kullum, farashinsa kuma ya fara daga dala 299. A watan Fabrairun 2025 kamfanin EssilorLuxottica mai ƙera shi ya ce an sayar da miliyan biyu.

Yadda Take Gane Fuska

Na'urar ba ta ganin mutum yadda ido ke ganinsa. Kyamara tana ɗaukar hoto, manhaja ta ware inda fuska take, ta daidaita ta, sa'an nan ta mayar da ita jerin lambobi. A tsarin FaceNet da masu binciken Google suka bayyana a 2015, lambobi 128 ne ke wakiltar kowace fuska. Hotuna biyu na mutum ɗaya za su ba da lambobi masu kusanci da juna, na mutane daban kuma masu nisa. Gane mutum, ke nan, auna tazara ce tsakanin sabon jeri da waɗanda aka ajiye. Idan tazarar ta gaza wani ma'auni da mai ƙera na'urar ya sa, sai ta ce shi ne.

A nan akwai bambanci guda da ya kamata mai karatu ya riƙe, domin a kansa muhawarar take. Wata na'urar tana kwatanta fuska ne da ɗan jerin da mai ita ya tara da kansa, na mutanen da ya riga ya sani. Wannan tamkar littafin bashi ne mai ido. Wata kuwa tana aika hoton zuwa rumbun da aka cika da hotunan da aka kwaso daga intanet, ta dawo da sunan wanda mai ita bai taɓa gani ba. Ta farko tana tuna maka wanda ka sani. Ta biyu tana tona maka wanda bai yarda ka san shi ba.

Tazarar da ke tsakaninsu ba ta da yawa a aikace. Ray-Ban Meta bai zo da gane fuska ba a lokacin da ya fito, amma a watan Oktoban 2024 wasu ɗalibai biyu na Jami'ar Harvard suka haɗa hoton da yake ɗauka da shafin binciken fuska na PimEyes da wasu rumbunan bayanai, suka riƙa tare baƙi a tashar jirgi suna kiran su da sunansu kamar sun san su, har adireshin gidan wasu suka samo. Ba su saki manhajar ba, sun ce gargaɗi suke yi. Duk wanda ya san yadda ɗan damfara ke fara aikinsa da "ba ka gane ni ba?" zai fahimci abin da wannan ke nufi a tasha ko a bakin banki, balle a ƙasar da masu garkuwa da mutane ke biyan kuɗi domin a nuna musu mai hali.

Kuskure, Da Wanda Yake Faɗa Wa

Na'urar tana kuskure iri biyu. Tana iya kasa gane wanda ta sani, tana kuma iya ɗaukar baƙo a matsayin sananne. Na farko kunya ce kawai. Na biyu shi ne asara ga mai ba da bashi, ko kuma zalunci ga baƙon da aka ɗora wa bashin wani.

Kuskuren bai rabu daidai tsakanin jinsunan mutane ba. A 2018 Joy Buolamwini da Timnit Gebru sun gwada manhajojin wasu manyan kamfanoni uku wajen bambance namiji da mace, suka samu kuskuren da ya kai kashi 34.7 cikin ɗari a kan mata baƙaƙe, alhali a kan maza farare bai wuce kashi 0.8 ba. A watan Disamba na 2019 hukumar ma'aunai ta Amurka, NIST, ta fitar da sakamakon gwajin manhajoji 189 na kamfanoni da cibiyoyi 99, inda ta samu cewa a yawancinsu kuskuren ɗaukar wani a matsayin wani ya fi yawa a kan mutanen Afirka ta Yamma da ta Gabas da kuma gabashin Asiya, a wasu lokuta ninki 10 zuwa 100. Manhajojin sun inganta tun daga lokacin, mafi kyawunsu ma tazararsu kaɗan ce. Sai dai mai saye a kasuwa ba shi da hanyar sanin wadda aka sa masa a cikin tabarau mai araha.

Akwai kuma wani lissafi da masu talla ba sa yi. A ɗauka, domin misali kawai, na'ura tana kuskure sau ɗaya cikin kwatance 1,000. Mai ji zai ce ai wannan ba komai. To amma idan mai tireda ya ajiye fuskar abokan ciniki 300, duk baƙon da ya tsaya a gabansa sai an kwatanta shi sau 300, kuma lissafi ya nuna kusan baƙo ɗaya cikin huɗu zai dace da wani a cikin jerin. Yawan jeri, yawan kuskure. Idan kuwa aka tsananta ma'aunin domin a rage wannan, sai ɗaya kuskuren ya ƙaru, na'urar ta riƙa yin shiru a gaban tsofaffin abokan ciniki. A ƙara da hasken fitilar caji bayan magariba, da ƙurar hunturu, da rawani da amawali, da niƙabi, da takunkumin 'yan acaɓa, sai a ga cewa yanayin ɗakin gwaji ya yi nisa da na bakin titi.

Lissafin Kuɗi

A 2024 dala ta haura Naira 1,500, mafi ƙarancin albashi na ƙasa kuma aka mayar da shi Naira 70,000 a watan Yulin shekarar. A kan wannan canji, tabarau na dala 299 ya kama Naira 448,500, wato fiye da albashin wata shida, kafin a sa kuɗin dako da na kwastan da ribar mai kawowa. Masu arahar ma suna da ƙugiya. Abin hannun nan mai suna Bee, wanda ke sauraren hirar mai shi yana rubuta masa taƙaitawa, an sa shi a kan kimanin dala 50, amma da kuɗin wata-wata na dala 19, wato Naira 28,500 duk wata a kan wancan canji. Kamfanin Amazon ya sanar da sayen Bee a watan Yulin 2025.

Bayan kuɗin saye akwai na ci da ita. Batirin tabarau ba ya kai yini idan ana aiki da shi sosai, kuma yawancin aikin sai da intanet. Mutanen Gombe ba su manta da 2024 ba, lokacin da ɓarayi suka lalata turakun layin wuta na Jos zuwa Gombe aka shafe makonni cikin duhu, masu cajin waya suka zama sarakunan unguwa.

Haɗari mafi girma shi ne mutuwar kamfanin. Humane, wani kamfanin Amurka, ya fara sayar da maɓallinsa na maƙalawa a riga a watan Afrilun 2024 a kan dala 699, da dala 24 duk wata. Kafin shekara ta zagayo, kamfanin HP ya sayi kadarorinsa a kan dala miliyan 116, aka kashe rumbunan da na'urar ke dogaro da su ranar 28 ga Fabrairu, 2025, aka kuma gargaɗi masu ita su kwashe bayanansu kafin a goge. Littafin bashi na takarda yana iya jiƙewa ko gara ta ci shi, amma babu wani taron masu hannun jari a wata nahiya da zai yanke shawarar rufe shi. Wanda ya zuba sanayyar shekara goma a rumbun wani, ya ba da ajiyar jarinsa ga wanda bai san fuskarsa ba.

Abin Da Doka Ta Ce

Sashe na 37 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba ɗan ƙasa 'yancin sirri. A watan Janairun 2019 hukumar NITDA, a lokacin da Dokta Isa Ali Pantami, ɗan asalin birnin Gombe, yake shugabantarta, ta fitar da ƙa'idojin kare bayanan jama'a. A watan Yunin 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya, wadda ta kafa hukumar NDPC. Dokar ta sa bayanan jiki da ake gane mutum da su, irin su zanen yatsa da fuska, cikin bayanai masu tsananin muhimmanci, waɗanda ba a sarrafa su sai da yardar mai su ko wani dalili da dokar ta ambata. Ta kuma ba mutum ikon neman a goge bayanansa, ta gindaya sharuɗɗa kan fitar da su ƙasar waje. Tarar ƙananan masu sarrafa bayanai tana iya kai wa Naira miliyan 2 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigarsu na shekara, duk wanda ya fi yawa, ta manya kuma Naira miliyan 10 ko kashi 2 ɗin.

Dokar ta keɓe abin da mutum ya yi domin amfanin kansa ko na gidansa kawai, muddin bai keta sirrin wani ba. Dattijon da ganinsa ya raunana, ya koya wa na'ura fuskar 'ya'yansa da jikokinsa, yana da hujja a ƙarƙashin wannan. Mai shagon da ke tara fuskar duk wanda ya zo sayen sabulu domin tantance masu bashi zai sha wuya kafin ya ce amfanin gida yake yi, tun da ciniki ne.

Manyan kamfanoni sun riga sun ɗanɗana. Facebook ya amince ya biya dala miliyan 650 a kan ƙarar da mutanen jihar Illinois suka shigar game da gane fuska, a watan Nuwamban 2021 ya ce zai goge zanen fuskar mutum fiye da biliyan ɗaya, a Yulin 2024 kuma Meta ya amince ya biya jihar Teksas dala biliyan 1.4. Kamfanin Clearview AI, wanda ya kwashi biliyoyin hotuna daga intanet, ya sha tarar Yuro miliyan 20 a kowace ɗaya daga Italiya da Girka da Faransa a 2022. Tarayyar Turai ta haramta irin wannan kwasar tun daga 2 ga Fabrairu, 2025. A nan gida ma hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ta ci Meta tarar dala miliyan 220 a Yulin 2024 a kan yadda ya sarrafa bayanan 'yan Nijeriya.

A unguwa irin Kagarawal, kafin a kai ga hukuma za a fara cin karo da mutane. 'Yan Nijeriya sun saba miƙa fuska ga banki tun zuwan BVN a 2014, da wajen rajistar NIN, da na'urar BVAS a zaɓen 2023, amma duk waɗannan a fili ake yin su, mutum yana zaune yana kallon kyamara. Ɗaukar hoton matar aure ko budurwa a ɓoye a bakin tireda wani lamari ne daban, kuma mai shagon da aka kama da haka zai rasa abin da ya fi tarar miliyan biyu. Malamai za su kafa hujja da aya ta 12 ta Suratul Hujurat, wadda ta hana bin diddigin asirin mutane. 'Yar fitilar da ke haskawa a gefen tabarau idan yana ɗauka ba ta isa neman izini ba a wurin wanda bai san ma'anarta ba.

Wane Suna Za Ta Raɗa?

Akwai wata matsala da masu ƙera na'urar ba su yi tunaninta ba, domin a ƙasarsu mutum suna ɗaya yake amsawa. A Gombe, inda Fulani da Hausawa da Tera da Bolewa da Tangale suke cuɗanya, mutum ɗaya yana da sunan yanka, da laƙabi, da sunan sana'a, da wanda ake kiransa da shi bayan ya dawo daga Makka, wani ma da sarauta. Mace ba ta faɗin sunan mijinta, iyaye da yawa ba sa kiran ɗan fari da sunansa, yaron da aka sa wa sunan kakansa sai a kira shi Abba ko Baffa. Na'urar da ta raɗa wa matashi sunan yanka na dattijo, shi kuma ya furta shi a bainar jama'a, ta jawo masa abin da ya fi mantuwa muni. Wanda ya manta yana da mafita, ya ce "Alhaji" ko "Baba" ya wuce lafiya.

Abin da ɗan kasuwa yake buƙatar tunawa ma ya wuce suna. Yana son ya tuna cewa wancan karon mutumin ya ce mahaifiyarsa na kwance, domin ya tambayi mai jiki. Yana son ya tuna an yi masa rasuwa, ko an yi masa haihuwa. Na'urorin da ke naɗar hira su ne ke alƙawarin wannan, su ne kuma suka fi shiga haƙƙin mutane, tun da sai sun saurari kowa kafin su tace abin da za su ajiye.

A halin da ake ciki, 'yan kasuwar Gombe sun riga sun ƙera nasu tsarin da abin da ke aljihunsu. Tun zuwan wayar salula a 2001, jerin lambobin mai sayar da hatsi ya cika da sunaye irin su "Alhaji Mai Gero Kumo" da "Direban Bajoga Na Biyu", wato sana'a da gari, daidai abin da gwajin 1987 ya nuna ya fi zama a kai. Manhajar Truecaller ta ƙasar Suwidin tana nuna sunan baƙuwar lamba daga abin da wasu suka ajiye, lamarin da ya sa NITDA ta buɗe bincike a kanta a 2019, ya kuma sa wasu suka gano irin sunan da masu bin su bashi suka laƙaba musu. Tun daga 2023 kuma, da tura kuɗi ta waya ya zama ruwan dare, kowane ciniki yana zuwa da cikakken sunan mai saye a saƙon banki. Mai tireda yakan duba saƙon, ya ga suna uku da bai taɓa ji ba, ya ɗaga kai ya ga ashe maƙwabcinsa ne da kowa ke kira Baban Ummi, sai ya buɗe littafi ya rubuta biyan a ƙarƙashin Baban Ummi.